Shekarar da Maigidana Ya Daina Cewa Da Sauƙi

A motar soja aka kawo mani shi, ƙafar dama naɗe da bandeji tun daga cinya har idon sawu, miƙe kamar taɓarya. Mutum biyu suka tallabo shi zuwa zaure. Ina tsaye bakin ƙofar tsakar gida da ludayin miya a hannu, na manta ban ajiye ba. Na ce, "Sannu Baban yara, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." Gumi na ɗiga daga haɓarshi zuwa kan kakinshi, leɓenshi ya yi fari, amma da sauƙi.

Maigidana saje ne a soja. Ba harsashi ne ya same shi ba, kuma wannan ya fi ciwon ƙona mashi rai. Sun fita sintiri a daji, ya diro daga bayan mota, ƙafar ta faɗa ramin gafiya, gwiwar ta murɗe, wata jijiya ta tsinke a ciki. Aka yi mashi aiki, aka sallamo shi gida nan Ƙofar Sauri, aka ce ya riƙa zuwa gashi a asibitin bariki har gwiwar ta koma tana lanƙwasuwa. Idan lokaci ya yi, kwamitin likitoci zai zauna a kanshi. In sun ga ya warke, ya koma daji wurin abokan aikinshi. In ba su gani ba, ya ƙara zama. Shi komawar yake so ko da rarrafe ne. Ni kuwa tsorona ɗaya ne, kada su yarda da bakinshi su mayar da shi inda ake tsira da gudu, da ƙafar da ko masallacin unguwa ba ta kai shi sai da sanda.

Ni ke raka shi gashin, domin ƙafar ba ta shiga napep. Sai ya zauna a karkace, ita ta leƙo waje, ni na rungume ta kamar jaririya. Direban da ya saba ɗaukarmu ya ɗaura mata jan ƙyalle a babban yatsa, irin wanda masu ɗauko rodi ke ɗaurawa, ya ce saboda 'yan kabu-kabu. Haka muke ratsa gari, yatsanshi na gaba da tuta, mu muna biye.

Da na ji an ce gashi, na ɗauka ruwan zafi ne da tsumma, irin wanda ake yi ma targaɗe. Ashe ɗaki ne guda mai faɗi, bango ɗaya duk madubi, cike da manyan maza suna abin da in yarana suka yi zan ce su daina wasan banza. Ga wani ƙato mai gashin baki yana tsintar 'yan duwatsu da yatsun ƙafa yana zubawa cikin kwano. Ga wani manjo tsaye da ƙafa ɗaya kamar balbela a bayan saniya, yana kallon bango da fuskar da ake kallon abokan gaba. Ga wani kwance kan ƙatuwar ƙwallo yana lilo. A kusurwa kuma akwai keke, da sirdi da feda da komai, amma an kafe shi a ƙasa. Mutum ya tuƙa har rigarshi ta jiƙe, ya sauka inda ya hau.

Likitan gashin kyaftin ne, matashi, Bakano, mai yawan fara'a. In ya ji na ce "mu tahi" sai ya maimaita yana dariya. Hajiya yake ce mani. Na ce mashi ban je ba tukuna, ya ce to ya riga ya yi mani addu'a, ba zai janye ba. Ranar farko ya kwantar da maigidana kan gado, ya riƙe diddigen, ya yi mashi bayani dalla-dalla.

"Saje, ciwo iri biyu ne a nan. Akwai na miƙewa, wannan abokinmu ne, da shi za mu yi aiki. Akwai na yagewa, wannan in muka taka shi mun koma baya. Ni ina waje, kai ke cikin gwiwar. Sai ka faɗa mani. Daga babu zuwa goma, nawa kake ji yanzu?"

"Babu, Yallaɓai."

Ya ƙara lanƙwasawa kaɗan. "Yanzu fa?"

"Babu, Yallaɓai."

"Saje, ƙarfen gadon nan da ka riƙe yana ƙara."

"Tsohon gado ne, Yallaɓai."

Kyaftin ya ɗauko wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, ya ce ya nuna wadda ta yi kama da shi. Maigidana ya saki ƙarfen, ya ɗora yatsa kan mai murmushin.

Ban ga laifinshi ba, domin makaranta biyu ya yi a kan wannan. Ta farko ta gida. Mu nan mutum yana gargara a tambaye shi jiki, zai tattara sauran numfashinshi ya ce da sauƙi. Haka muka taso, muna jin kamar faɗin ciwo ƙorafi ne a kan abin da Ubangiji ya hukunta. Ta biyu ta bariki, inda aka koya mashi cewa in na gaba da kai ya tambaye ka ko ka gaji, gwada ka yake yi. Wanda ya haɗa waɗannan biyun, ko ƙafar aka cire aka miƙo mashi zai karɓa ya ce an gode.

Amma ni na san wani abu. Shekarun da muka yi tare sun nuna mani cewa bakinshi na ɓoyewa, zikirinshi ba ya ɓoyewa. In ya yanke da reza wurin aski, Subhanallah yake cewa a hankali. Lokacin da haƙorinshi na turmi ya rube, La haula ya wuni yana ja. Sau ɗaya kunama ta harbe shi cikin takalmi, a nan na ji Innalillahi. Bai taɓa rikita su ba, kuma bai san yana yi ba. A ɗakin gashi ma haka nake ji daga inda nake zaune. Ya ce "Babu, Yallaɓai" da ƙarfi, sannan can ƙasa-ƙasa La haula ta biyo.

Na daɗe ina juya abin a raina. Miji tufa ne, ba a ɗaga shi a nuna ma mutane inda ya yage. Ranar Asabar bayan an tashi Islamiyya na tsaya wurin malamarmu, na ce, "Malama, wata mata ce take tambaya. Mijinta yana ɓoye ma likita ciwo, ita kuma ta sani. In ta faɗa, ta tona asirinshi?"

Malama ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Ki gaya ma wata matar, gaya ma likita ciwo neman magani ne, ba ƙorafi ba. Kuma ki ce mata ina gaida Saje da ƙafa."

Zuwanmu na gaba, da aka sa maigidana kan keken, na matsa kusa da Kyaftin na faɗa mashi, kaina a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo mani kujera aka ajiye a saitin kan gadon, inda mai kwance ba ya gani. Muka shirya: Subhanallah yatsa ɗaya, ya ci gaba. La haula yatsu biyu, ya tsaya a nan ya riƙe. Innalillahi in buɗe tafin hannu gaba ɗaya, ya saki. Sai ga ni, wadda iyakar likitancina jiƙa sabara da shafa man zafi, na zama na'urar asibitin soja. Kyaftin na tambaya, maigidana na cewa babu, Kyaftin na kallon hijabina.

Kuma gwiwar ta fara ji. Kumburin ya sauka. Ta fara lanƙwasuwa har muka daina ɗaura jan ƙyalle, direban napep ya ce ya yi kewarshi.

Abin ya yi ma Kyaftin daɗi har ya wuce gona da iri. Ya ce duk mai mata ya zo da ita. Kafin wani lokaci an jera benci a ɗakin, matan sojoji zaune da goyo da kwanon abinci, kowace ta kafa ma nata ido. Matar mai tsintar duwatsu ta ce nata kunnenshi na hagu ke motsi. Matar manjo, wata 'yar Kudu mai kirki, ta ce nata in ciwo ya kai mashi sai ya fara tambayar ko an kashe fanka a gida. Akwai wani kofur, Bafulatani siriri da kafaɗarshi ta goce, ba shi da mata, shi kuwa ya fi kowa taurin baki. Kyaftin ya roƙe ni in duba mashi shi. Na ce ba zan ƙura ma namijin da ba nawa ba ido. Aka ja labule, na zauna a bayanshi ina saurare. Shi ba zikiri yake ba. In aka ɗaga hannun ya kai wani wuri, sai ya fara kiran shanun babanshi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana tattaro su da yamma. In ya kai ga bijimin, lokacin saki ya yi. Na tausaya ma yaron nan ƙwarai, na riƙa kawo mashi fura.

Madubin nan ne ya tona mu. Wata rana aka juya gadon don a goge ƙasa, ba a mayar da shi daidai ba. Maigidana na kwance ya ce La haula, ya ɗaga ido, ya ga matarshi a bango ta ɗaga yatsu biyu kamar 'yar siyasa.

Muka shiga napep muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce Ƙofar Marusa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe kika shiga soja?"

Na faɗa mashi komai, domin ban iya yi mashi ƙarya ba. Na ce tsoro nake ji.

Ya ce, "Ke kin san inda yaran nan suke kwana? Ni na koya ma rabinsu riƙon bindiga. Suna can cikin rami, ni ina nan ina tuƙa keken da ko ƙofar ɗaki bai taɓa kaiwa ba."

Na gyara ma ƙafar zama a cinyata, muka ƙarasa gida.

Daga ranar ya canza zikiri. Aka lanƙwasa kaɗan, Alhamdulillah. Aka lanƙwasa da yawa, Alhamdulillah. Ina zaune da yatsuna a cinya, ban san wanda zan ɗaga ba, kuma wace ce ni da zan hana bawa gode ma Ubangijinshi? Bai tsaya nan ba. In na tafi Islamiyya da hantsi, sai ya saɓa buhun masararmu a kafaɗa ya riƙa fareti daga bakin rijiya zuwa madafa, wai yana shirin kwamiti. Maƙwabciyata ce ta hango ta kan katanga ta ce mani, "Maman yara, lafiya Saje ke zagaye da hatsinku? Ko tashi za ku yi?"

Gwiwar ta kumbura ta yi kamar kabewa, ta yi zafi kamar an ɗora ta kan murhu. Kyaftin ya danna ta da yatsa, ramin ya zauna. Ya sa aka naɗe ta da ƙanƙara, ya tsaya yana kallonta. Ban taɓa ganin fuskarshi ba fara'a ba sai ranar. Ya ɗauko hularshi ta soja da ke rataye a ƙusa, wadda ba ya sawa a ɗakin gashi, ya kafa ta.

"Saje."

Maigidana ya ƙame a kwance.

"Na yi ta roƙonka a matsayin likita, ba ka ji ba. To wannan oda ce. Daga yau duk wanda ya tambaye ka jikinka, ka faɗa mashi gaskiya. Nawa ne cikin goma, a ina, kuma wane iri. Ka fahimta?"

"Na fahimta, Yallaɓai."

"Yanzu nawa?"

"Takwas, Yallaɓai. Ta ciki, ƙarƙashin ƙoƙon. Kamar ana soka tsinken tsire."

Na juya fuska bango na share hawaye. Tun da aka kawo shi, wannan ce magana mafi daɗi da na ji daga bakinshi.

Kyaftin kanshi yake nufi, da sauran likitoci. Amma ya ce duk wanda ya tambaya, shi kuma maigidana oda ba ya yi mata kwaskwarima.

Washegari ya dogara sanda ya tafi azahar. Ana fitowa Liman ya miƙo mashi hannu a gaban jama'a. Ni ban je ba, mijin maƙwabciyata ya ba ta labari ta ba ni.

"Saje, barka da rana. Ya gida? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

"Gida lafiya, iyali lafiya. Jiki ba sauƙi, Malam. Bakwai. Ta ciki, yana zuga kamar ƙurji, in na taka yana harbawa har ƙugu."

Aka ce Liman ya riƙe hannun bai saki ba, bakinshi ya riga ya ɗauko "Allah Ya ƙara sauƙi" amma ya rasa inda zai ajiye ta. Masu neman takalmansu suka tsaya. A ƙarshe ya ce jama'a su ɗan dakata a yi ma Saje addu'a.

Lissafin da unguwa ta yi mai sauƙi ne. Mun binne mutane da yawa da suka ce da sauƙi da safe. To wanda ya buɗe baki da kanshi ya ce ba sauƙi, me ya rage? Kafin la'asar gidanmu ya cika. Mata a tsakar gida, maza a zaure, takalma har bakin titi. Kunu, fura, lemo, ƙosai, wata ta kawo farfesun kan rago. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce ya jiki, shi kuma ya ba shi lamba da wuri da iri, kamar mai karanta labarai. Suna fita suna girgiza kai. Ina ta cewa gwiwa ce kawai, suna ce mani in yi haƙuri, haka ake so mace ta daure.

Wani dattijo mai facin taya a bakin layinmu ya nemi a ba shi wuri, ya matsa kusa, ya ce Saje ya yafe mashi, shi ne ya daɗe yana zuba ruwan faci a gindin zogalenmu har ya bushe. Maigidana ya ce ya yafe. Dattijon ya ce, "To ya jikin yanzu?" Ya ce, "Shida da rabi, zama ya ɗan taimaka." Mutumin ya fita yana kuka.

Da aka kwana biyu aka ga bai mutu ba, abin ya koma wani iri. Lambar ta zama ta unguwa. In na je awo, mai shago zai ce, "Hajiya, yau nawa?" in ce biyar, ya ce "Madalla, jiya shida aka ce mani." 'Yan kabu-kabun bakin Ƙofar Sauri in napep ɗinmu ya wuce sai su ɗaga murya, "Saje, nawa?" ya leƙo ya faɗa masu, domin sun tambaya. Ranar da ta tashi daga huɗu ta koma shida saboda ya zame a bayi, har gida aka biyo ni a ji dalili, kamar ni na ƙara ma tumatir kuɗi.

Labari ya kai ƙauye a yadda labari ke kaiwa. Wata safiya sai ga Inna, mahaifiyarshi, a bayan kabu-kabu, da ƙullin kayanta da galan na rubutu. An ce mata ɗanta yana ƙirga kwanakin da suka rage mashi, jiya an ji ya ce saura biyar.

Ta shigo ta same shi zaune kan tabarma ya zarga tawul a tafin ƙafa yana jawo diddige, aikin gida da Kyaftin ya ba shi. Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa, muka gaisa, gaisuwa mai tsawo har kaji da awaki. Duk wannan lokacin shi kanshi na ƙasa. Na san abin da yake tsoro. Tun yana yaro bai taɓa ce mata wani wuri na mashi ciwo ba.

Ta ce, "Kai, ya jikin naka?"

Na ɗauka yau oda za ta karye. Ya dubi tawul ɗin, ya dubi ƙofa.

"Biyar, Inna. In na tsuguna, takwas."

"Biyar ɗin mi?"

Ni na yi mata bayani, da yatsu, daga babu zuwa goma. Ta saurara tana gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta taɓa gwiwar, ta bi tabon ɗinkin da yatsa a hankali.

Ta ce, "Ubanka ciki ya riƙe shi tun damina, yana cewa lahiya lau. Ranar da ya faɗi a gona ma da sauƙi ya ce mani. Da ya iya wannan ƙirgan, da mun kai shi asibiti tun da sauran hali." Sannan ta dafa ƙugunta na hagu. "Ɗiyata, wanda ke hana mutum kwanciya ta gefe guda, nawa ne?"

Na ce, "Zai kai bakwai, Inna."

"To ni bakwai gare ni, tun kafin a haifi babbar ɗiyarku."

Maigidana ya ɗago ya dube ta. Washegari shi da kanshi ya sa ƙaninshi ya kai ta babban asibiti.

Da ranar kwamiti ta matso, ya sami Kyaftin bayan an gama gashi, ya ƙame ya sara mashi. Ina gefe ina naɗe tawul.

"Yallaɓai, ina neman a ɗage mani odar nan na yini ɗaya."

"Wane yini?"

"Yinin kwamiti, Yallaɓai."

Kyaftin ya ce, "Saje, in ka koma yanzu, ranar da gudu ya kama, mutum biyu za su ajiye bindiga su ɗauke ka. Zaɓo mani su cikin yaran naka, in rubuta sunansu." Maigidana ya sauke hannun da ya sara da shi. Kyaftin ya ce, "Oda na nan."

Ranar ban shiga ba, ba a shiga da mata. Na zauna ƙarƙashin bishiyar bedi a harabar asibitin da carbina. Kofur mai kiran shanu ya wuce, kafaɗarshi ta warke har yana ɗaga hannu sama, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce shi an sallame shi. Na yi mashi addu'a. Ban san wanda zai yi magana a ɗakin can ba, ɗan da Inna da bariki suka rena, ko mai bin oda. Kyaftin ba ya cikin masu zaman, rahoto kawai ya aika. In maigidana ya cije ya tsuguna ya tashi ya ce babu, wa zai shiga gwiwar ya ƙaryata shi? Na roƙi Allah abin da ban taɓa tunanin mace za ta roƙa ba, Ya sa mijina ya ce yana jin ciwo.

Ya fito yana ɗingishi, fuska a ɗaure. Ya wuce ni, ya shiga napep, na bi shi. Mun kusa Ƙofar Kaura na kasa daurewa.

"Baban yara, me suka ce?"

"Sun ce in tsuguna."

"Ka tsuguna?"

"Na tsuguna. Suka ce ya ka ji." Ya juya yana kallon masu sayar da rake. "Na ce bakwai. Suka ce in ƙara zama."

Na ce Alhamdulillah a zuci, domin a fili zai zama kamar dariya nake mashi. Direba ya waigo ya ce, "Saje, bakwai kuma? Ai jiya huɗu ka ce mani." Ya ce, "Wannan na tsaye ne. Duba gabanka."

Ya yi fushi da ni, da Kyaftin, da gafiyar da ta haƙa ramin. Ranar da motocinsu suka fita ba shi, bai ci tuwo ba. Amma ya koma kan keken nan ya tuƙa shi kamar zai kai Daura, kuma bai sake taɓa buhun masara ba. Lambar ta riƙa sauka a hankali, mai shago na biye da ita. Wata la'asar na fito daga madafa na gan shi yana nafila a tsakar gida. Tun da aka kawo shi a kujera yake salla, ƙafar a miƙe, yana nuni da kai. Ranar kujerar na jingine da bango. Ya sauka a kan gwiwoyinshi biyu, ya kai goshi ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Na koma madafa na tsaya, don kada ya sallame ya gan ni.

Kwamiti na biyu ya sallame shi. Ya koma daji da ƙafafunshi, ni na ɗaure mashi kaya, har da robar motsa jiki da Kyaftin ya ce kada ya rabu da ita. Shi Kyaftin kafin nan an yi mashi canjin wurin aiki, ya tafi a gurguje, ko sallama ba mu yi ba. Bai janye odar ba. Ina jin mantawa ya yi, ko da yake wani lokacin ina cewa anya.

Yanzu in waya ta samu shiga inda suke, yakan kira ni da hantsi. Mu gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ƙugun Inna. Sannan in ce, "Ya jikin?"

Jiya ya ce, "Ɗaya. In an yi ruwa, biyu."

Na ce, "Sauran jikin fa?"

Ya ce, "Tambaya kike?"

Na ce tambaya nake.

Ya ce, "Baya, uku. Kwanciyar ƙasa ce. Kada ki gaya ma mai shago."